Donald Keene, Ba'amurken da ya ƙarar da rayuwarsa a kan adabin Japan: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin adabin Japan da aka fassara zuwa Turanci, da wuya a ce bai ci karo da sunan Donald Keene ba. Ko dai ka gan shi a bango a matsayin mai fassara, ko shi ya rubuta gabatarwa, ko kuma mai littafin ɗalibinsa ne yana yi masa godiya. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan rayuwarsa da aikinsa.

Wane ne Donald Keene?

Malamin adabin Japan ne, mai fassara, kuma marubucin tarihi. An haife shi a unguwar Brooklyn da ke birnin New York a Amurka ranar 18 ga Yuni 1922, ya mutu a Tokyo ranar 24 ga Fabrairu 2019 yana da shekara 96. Ya koyar a Jami'ar Columbia ta New York fiye da shekara hamsin. Littattafan da ya rubuta da waɗanda ya fassara suna da yawa ƙwarai, kuma wasu ma da Japananci ya rubuta su, don Japanawa. A ƙarshen rayuwarsa ya ajiye zama ɗan Amurka, ya karɓi takardar zama ɗan Japan.

Me ya kai yaron New York ga harshen Japan?

Ba gado ba ne. Babu Bajapane a danginsa, kuma gidansu ba gidan malamai ba ne, mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Ƙuruciyarsa ma ba ta yi daɗi ba: ƙanwarsa ta mutu suna yara, daga baya iyayensa suka rabu. Abin da yake da shi kawai shi ne kaifin ƙwaƙwalwa da son harsuna, har ya shiga Columbia a 1938 da tallafin karatu yana ɗan shekara 16.

A aji ana zaunar da ɗalibai ne bisa jerin haruffan sunayensu, sai kujerarsa ta faɗo kusa da ta wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin. Abota ta ƙullu, abokin ya fara koya masa haruffan Sinanci, irin waɗanda kowannensu kalma ce guda da siffarta. Rubutun Japananci kuwa da waɗannan haruffa yake aiki, haɗe da wasu na gida. Ashe shimfiɗa ake yi masa bai sani ba.

Sai kakar 1940. Sojojin Hitler sun riga sun mamaye Norwe da Holan da Faransa, ana ruwan bama-bamai a Landan, shi kuwa saurayi ne da ya tsani yaƙi har cikin ransa, har ta kai yana fargabar buɗe jarida. Wata rana ya shiga wani kantin littattafai a dandalin Times Square, inda ake karyar da farashin littattafan da suka yi kwantai. Ya ga wani littafi mai juzu'i biyu a kan santi 49, bai kai rabin dala ba, ya saya don arahar. Littafin shi ne Genji Monogatari, wato labarin Yarima Genji, wanda wata mace 'yar fadar Sarkin Japan mai suna Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, a fassarar Baturen Ingila Arthur Waley.

Abin da ya kama shi a littafin shi ne, ga jarumi wanda ba da takobi ya yi suna ba. Mutanen cikin labarin waƙoƙi suke aika wa juna, suna lura da kalar takardar da aka rubuta wasiƙa a kai da ƙamshin da aka turara ta da shi, kuma baƙin cikinsu shi ne komai mai kyau wucewa yake yi. Kafin wannan rana, abin da Keene ya sani game da Japan shi ne ƙasa ce ta sojoji da ta afka wa Sin. Daga ranar ya san akwai wata Japan ɗin.

Wa ya fara koyar da shi a jami'a?

Wani dattijo Bajapane mai suna Tsunoda Ryusaku, wanda yake koyar da tarihin tunanin Japanawa a Columbia. A kakar 1941 dangantaka tsakanin ƙasashen biyu ta yi tsami sosai, don haka da Keene ya je aji sai ya tarar shi kaɗai ne ya yi rajista. Ya ji nauyin a ce babban malami zai ɓata lokaci a kan mutum ɗaya, ya nemi ya janye. Tsunoda ya ce masa ɗalibi ɗaya ya isa. Haka yake zuwa da tulin littattafai, ya cika allo da rubutu, kamar ajin a cike yake.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai, a Disamba 1941, an kama Tsunoda an tsare shi na ɗan lokaci a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, daga baya aka sake shi ya koma koyarwa. Har tsufansa Keene bai daina ambaton wannan malami da girmamawa ba.

Da gaske ne rundunar sojan ruwa ce ta koya masa Japananci?

Gaskiya ne. Da yaƙi ya ɓarke, Amurka ta farga cewa 'yan ƙasarta da ke iya karanta Japananci ba su taka kara sun karya ba. Sojan ruwa suka buɗe makarantar harshe a Berkeley ta jihar Kalifoniya, Keene ya shiga a farkon 1942. Ba a jima ba aka mayar da makarantar Boulder ta jihar Kolorado, saboda gwamnati ta kori duk masu asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar, malaman makarantar kuwa yawancinsu masu asalin Japan ne. A cikin wata goma sha ɗaya, karatu ba dare ba rana, ya iya karanta jarida da takardun soja, har da rubutun hannu mai haɗe-haɗe. Shi ya yi jawabin yaye ɗalibai, da Japananci.

Wane aiki ya yi a lokacin yaƙin?

A nan ne, a ganina, aka yi mutumin da duniya ta sani daga baya.

An tura shi Hawai a 1943, ofishin da ake fassara takardun da aka ƙwato daga sojojin Japan. Yawancin takardun ba su da wani armashi: lissafin kayan abinci, jerin sunaye, rahoton lafiyar runduna. Wata rana ya lura da wani akwati da abokan aikinsa suke kauce wa saboda wari. Cike yake da ƙananan littattafan aljihu, irin waɗanda mutum ke rubuta abin da ya same shi kullum, wato dayari. An ciro su ne daga jikin gawarwakin sojojin Japan, da yawa daga tsibirin Guadalcanal, warin kuwa na busasshen jini ne.

Sojan Amurka an hana shi ajiye dayari, don kada abokan gaba su tsinci sirri a ciki. Sojan Japan kuwa raba masa dayarin ake yi a farkon shekara, kuma manyansa kan duba abin da ya rubuta. Shi ya sa shafukan farko suke cike da kirarin kishin ƙasa. Amma da jirgin da ke kusa da nasu ya nutse, da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su, da abinci ya ƙare, sai rubutun ya sauya. Mutum ya koma maganar yunwa, da mahaifiyarsa, da 'ya'yansa. Akwai wanda ya rubuta yadda suka raba 'yan ƙwayoyin wake a tsakaninsu don bikin sabuwar shekara. Wasu a shafin ƙarshe sukan yi rubutu da Turanci, suna roƙon Ba'amurken da zai tsinci littafin ya aika wa iyalinsu bayan yaƙi.

Keene ya ɓoye irin waɗannan a teburinsa da niyyar cika wannan roƙo, duk da doka ta hana. Aka bincika teburin ba ya nan, aka kwashe su. Ya sha faɗa daga baya cewa masu waɗannan littattafai su ne Japanawan farko da ya sani da gaske, alhali duk sun mutu kafin ya san su. An koya masa harshen ne don ya taimaka a ci mutanen da yaƙi, sai harshen ya sa ya ji muryarsu. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa, shekara arba'in bayan haka, ya zauna ya rubuta littafi guda a kan dayarin Japanawa tun daga ƙarni na 9.

Ya shiga fagen daga? Ya taɓa harbin wani?

Ya shiga, a matsayin tafinta da mai yi wa fursunonin yaƙi tambayoyi. Yana tsibirin Attu, can kusa da Alaska, a Mayu 1943, inda sojojin Japan fiye da 2,000 suka mutu, waɗanda aka kama da rai ba su kai talatin ba. Da yawa sun kashe kansu da gurneti maimakon su miƙa wuya. Yana kuma cikin rundunar da ta sauka a Okinawa a Afrilu 1945, inda jirgin saman 'yan ƙunar baƙin wake ya kusa faɗa wa jirgin ruwan da yake ciki. Bai taɓa harbin kowa ba. A sansanin fursunoni a Hawai, da wani fursuna ya ce yana kewar kiɗa, Keene ya ɗauko garmaho ya sa musu kiɗan Beethoven a ɗakin wanka, inda sauti ya fi tashi, suka saurara tare.

Bayan yaƙi, yaushe ya samu zama a Japan?

Ya ɗauki lokaci. Abokansa da yawa na makarantar sojan ruwa sun watsar da Japananci, don a lokacin Japan ta zama kufai kuma ba wanda ya ga abin da harshenta zai tsinana wa mutum. Shi ya koma wurin Tsunoda a Columbia, ya yi shekara guda a Harvard, sannan a 1948 ya tafi Jami'ar Cambridge a Ingila, inda ya zama malami. A can ya san Arthur Waley ido da ido, mutumin da ya fassara Genji amma bai taɓa taka ƙasar Japan ba har ya mutu. Shekarun Ingila sun yi masa tsauri. Ɗalibai 'yan kaɗan ne, littattafansa na farko ba su yi kasuwa ba, har ya taɓa tunanin ya bar fannin.

A 1953 ya samu tallafi ya tafi Jami'ar Kyoto, ya yi shekara biyu. Ya kama haya a wani tsohon gida na katako da tabarmi a gefen dutse a gabashin birnin, yana zama a ƙasa, yana jin ɗumi da kaskon gawayi a lokacin sanyi. A gidan ya haɗu da Nagai Michio, wani matashin malami da ya dawo daga Amurka, wanda daga baya ya zama ministan ilimi na Japan. Kullum da daddare suna cin abinci tare suna hira, kuma Nagai ne ya jawo hankalinsa cewa Japan ba ta tsaya a ƙarni na 17 ba, akwai marubuta masu rai da ya kamata ya karanta. Shi ne kuma ya haɗa shi da Shimanaka Hoji, shugaban kamfanin ɗab'i na Chuo Koron, ta nan ƙofar manyan marubutan ƙasar ta buɗe masa.

A Kyoto ya kuma sa kansa almajirci a wurin wani gwanin kyogen, tsohon wasan barkwanci da ake yi tsakanin wasannin No, wato tsoffin wasannin kwaikwayo na Japan masu waƙa da rawa. A 1956 ya hau dandamali a Tokyo ya taka rawar bara, wato yaron gida, a wani wasa, manyan marubuta irin su Tanizaki da Kawabata suna cikin 'yan kallo.

Wane littafi ne ya fara fito da sunansa?

Tarin zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Japan da ya shirya, Anthology of Japanese Literature, wanda ya fito a 1955. Ya ɗauko tun daga tsofaffin waƙoƙin ƙarni na 8 har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, wasu shi ya fassara, wasu abokansa. A 1956 ya biyo da na marubutan zamani. Kafin nan, malamin da ke son koyar da adabin Japan da Turanci ba shi da littafi guda da zai miƙa wa ɗalibi. Waɗannan biyu suka toshe wannan giɓi, kuma har yanzu ana buga su.

Fassarorinsa na littattafan Dazai Osamu biyu, na 1956 da na 1958, su ma sun yi nisan kwana. Na biyun, No Longer Human, labarin wani saurayi ne da ya kasa jin cewa shi mutum ne kamar kowa, kuma matasa a ƙasashe da dama har gobe suna sayensa a fassarar Keene.

An ce a kan wasan 'yan tsana ya yi digirinsa na uku. Wane irin wasa ne wannan?

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Bunraku, kamar yadda ake kiransa, wasan kwaikwayo ne na manya da ya bunƙasa a birnin Osaka. Kowace babbar 'yar tsana mutum uku ne ke sarrafa ta a gaban 'yan kallo: ɗaya kai da hannun dama, ɗaya hannun hagu, ɗaya ƙafafu. A gefe mai rera labari yana zaune, shi ke yin muryar kowa, namiji da mace, tsoho da yaro, kusa da shi kuma mai kaɗa shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da ya yi kama da molo.

Babban marubucin wannan fanni shi ne Chikamatsu Monzaemon, wanda aka haifa a 1653. Keene ya yi digirinsa a kan wasansa na 1715 game da wani jarumin yaƙi na ƙasar Sin mai suna Coxinga, aka buga aikin a 1951. A 1961 ya fitar da fassarar manyan wasanninsa. Abin da ya sa Chikamatsu ya yi fice shi ne ya ɗauki talakawa ya mai da su jaruman wasa mai ban tausayi. A wasansa na 1703, yaron shagon mai sayar da miyar waken soya ne da wata karuwa da suke son juna, bashi da zamba suka rufe musu kowace hanya, suka zaɓi mutuwa tare. Keene ya nuna wa masu karatun Turanci cewa an yi irin wannan a Osaka a lokacin da dandamalin Turai ya fi karkata ga sarakuna da 'ya'yan sarakuna.

Shi ne ya sake fassara Genji?

A'a. Abokinsa Edward Seidensticker ne ya yi sabuwar fassara a 1976, sannan ɗalibinsa Royall Tyler ya yi wata a 2001. Keene ya yi rubutu mai yawa a kan littafin, amma bai fassara shi ba, kuma ƙaunarsa ga fassarar Waley ba ta taɓa raguwa ba.

Mece ce alaƙarsa da marubuci Mishima Yukio da kuma kyautar Nobel?

Sun haɗu a 1954 a gidan wasan kabuki, wani nau'in wasan kwaikwayon gargajiya, a Tokyo, suka zama aminai na shekara goma sha shida, suna musayar wasiƙu. Keene ya fassara wasanninsa da ɗaya daga cikin ƙagaggun labaransa. A siyasa ba su jitu ba ko kaɗan: Mishima ya karkata ga ɗaukaka Sarki da aikin soja, Keene kuwa mai ƙin yaƙi ne. Ranar 25 ga Nuwamba 1970 Mishima ya shiga hedikwatar soja a Tokyo da mabiyansa, ya yi wa sojoji jawabi, sannan ya farke cikinsa bisa tsohuwar al'adar samurai, mayaƙan Japan na da. Cikin wasiƙun ƙarshe da ya bari akwai ta Keene, inda yake roƙonsa ya tabbatar an buga sauran juzu'an littafinsa na ƙarshe da Turanci.

Game da Nobel, hukumar da ke ba da kyautar a Suwidin takan rufe takardunta shekara hamsin. Da aka buɗe na 1963, sai aka ga an nemi ra'ayin Keene a kan marubutan Japan da ake dubawa. Ya sa Tanizaki a gaba, sai Kawabata, sannan Mishima, yana la'akari da cewa a Japan ba a tsallake babba a ba ƙarami. Tanizaki ya mutu a 1965, Kawabata ya samu kyautar a 1968, Bajapane na farko da ya same ta a adabi. Mishima ya so kyautar ƙwarai, kuma wannan al'amari ya daɗe yana damun Keene.

Wanne ne babban aikinsa?

Tarihin adabin Japan gaba ɗayansa, shi kaɗai, a juzu'i huɗu manya. Na zamanin da Japan ta rufe ƙofofinta, daga 1600 zuwa 1867, ya fito a 1976 da sunan World Within Walls. Biyu na zamanin nan, Dawn to the West, suka fito a 1984. Na farkon tarihi, Seeds in the Heart, shi ya zo ƙarshe a 1993. Aikin ya ci kusan shekara ashirin da biyar, fassararsa ta Japananci kuma ta kai juzu'i 18.

Irin wannan aiki yawanci kwamitin malamai ne ke yinsa, kowa ya ɗauki ƙarnin da ya ƙware a kai. Amfanin a ce mutum ɗaya ne ya yi shi shi ne, ma'auni ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ya karanta littattafan da kansa, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa: in waƙa ta burge shi zai faɗa, in shahararren marubuci ya gundure shi ma zai faɗa, cikin ladabi. Turancinsa mai sauƙi ne, babu kalmomin burga. Wanda bai taɓa shiga jami'a ba zai iya bin sa.

Su Japanawa sun ɗauke shi da muhimmanci, ko dai baƙo ne da ake yi wa kara?

Da farko akwai kara, har da abin da ya fi kara ciwo. Ya sha kokawa cewa bayan ya yi lacca da Japananci a kan adabin ƙarni na 14, wani zai zo ya tambaye shi ko yana iya karanta haruffansu, ko yana iya cin ɗanyen kifi. Akwai tsohon tunani a ƙasar cewa baƙo ba zai taɓa fahimtar haiku, gajeriyar waƙarsu ta gargajiya, ba.

Aikinsa ne ya rufe wannan baki. A 1962 aka ba shi kyautar Kikuchi Kan. A 1982 jaridar Asahi, ɗaya daga cikin manyan jaridun ƙasar, ta ɗauke shi baƙon edita bayan marubuci Shiba Ryotaro ya ba su shawarar haka. A shafukanta ya riƙa fitar da nazarinsa na dayarin Japanawa kashi-kashi, wanda ya zama littafin Travelers of a Hundred Ages, ya kuma ci kyautar adabi ta Yomiuri. Japanawa da yawa a wurinsa suka fara jin sunayen wasu tsofaffin marubutansu.

Sannan ya juya ga tarihin mutane. Mafi girma shi ne na Sarki Meiji, wanda ya yi mulki daga 1867 zuwa 1912, zamanin da Japan ta tashi daga ƙasar samurai ta zama mai masana'antu da jiragen yaƙi. Aiki ne mai wuya, don Sarkin bai bar dayari ba kuma wasiƙunsa kaɗan ne. Keene ya bi kundin fada na hukuma, mai bayanin abin da Sarki ya yi rana bayan rana, ya haɗa da waƙoƙi fiye da 90,000 da Sarkin ya tsara, yana neman mutumin da ke bayan sarautar. Littafin ya fito da Turanci a 2002, shafi fiye da 900, marubucinsa yana da shekara tamanin. A 2008 gwamnati ta ba shi lambar girma ta al'adu, Bunka Kunsho, wadda Sarki da kansa yake miƙawa, kuma baƙin da suka taɓa samunta 'yan ƙalilan ne.

Babu masu sukarsa?

Akwai, kuma wasu maganganun nasu suna da tushe. Malaman da suka zo bayansa sun ce shi da Seidensticker da 'yan tsirarun masu fassara na shekarun 1950, tare da kamfanonin ɗab'i na New York, su suka zaɓa wa duniya Japan ɗin da za ta gani: ta furanni da kewa da kyawawan mata masu shiru, wato ta Tanizaki da Kawabata da Mishima. Marubutan ma'aikata, da masu barkwanci, da mata da yawa, da 'yan asalin Koriya da ke rubutu da Japananci, sun daɗe ba a fassara su ba. An kuma lura cewa wannan hoto mai laushi ya yi wa Amurka daɗi a lokacin da take son mai da tsohuwar abokiyar gaba ƙawa. Wasu kuma sun ce ba ya shiga zurfin nazarin ra'i, yana ba da labari ne da ɗanɗanonsa kawai.

Batun zaɓe gaskiya ne, duk mai fassara zaɓe yake yi, kuma na farko a fage zaɓensa ya fi nauyi. Sai dai a yi masa adalci. Shi ne ya fassara Dazai, wanda babu furanni a rubutunsa sai giya da kunya da fatara. Shi ne ya fassara wasannin amininsa Abe Kobo, masu ban tsoro da ruɗani. A juzu'an tarihinsa na zamani ya ba marubutan 'yan gurguzu babi nasu, ya kuma yi bayani a fili kan yadda manyan marubuta suka yi wa yaƙi waƙa. A littafinsa na 2010 a kan dayarin marubuta a lokacin yaƙi, bai rufa wa kowa asiri ba, har waɗanda ya sani kuma yake ƙauna. Rashin nazarin ra'i kuwa, ni ban ɗauke shi aibi ba, shi ya sa littattafansa ba su tsufa da tsufan yayi ba.

Me ya sa ya zama ɗan ƙasar Japan yana da shekara 89?

An fi danganta abin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, wadda ta kashe mutum fiye da 15,000 a arewa maso gabashin Japan, ta kuma lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Gaskiyar ita ce ya riga ya yanke shawara watanni kaɗan kafin nan, yana kwance a asibiti a Tokyo, inda ya tambayi kansa a ina yake so ya ƙarasa kwanakinsa. Bala'in ne ya sa ya bayyana niyyar a fili, a daidai lokacin da baƙi suke tururuwar barin ƙasar saboda tsoron tururin nukiliya. Yankin da abin ya shafa ba baƙo ba ne a wurinsa: ta nan mawaƙi Basho ya bi a tafiyarsa ta 1689, wadda Keene ya fassara labarinta kuma ya bi sawunta da ƙafarsa.

Ya yi darasinsa na ƙarshe a Columbia a Afrilu 2011, ya tattara ya koma Tokyo, aka ba shi takardar ɗan ƙasa a Maris 2012. Japan ba ta yarda wanda ta ba takarda ya riƙe ta wata ƙasa ba, don haka ya saki ta Amurka. Mutanen yankin da bala'in ya faɗa wa sun ji daɗin abin ƙwarai. Zama ɗan ƙasa kuma bai sa ya kama bakinsa ba: ya ci gaba da kare sashe na 9 na tsarin mulkin Japan, wanda ya haramta wa ƙasar yin yaƙi, a lokacin da 'yan siyasa suke neman a gyara shi.

Ya yi iyali?

Bai taɓa aure ba. A 2012 ya ɗauki wani makaɗin shamisen ɗan jihar Niigata a matsayin ɗa kuma magaji. Ɗaukar baligi a matsayin ɗa abu ne da doka da al'adar Japan suka sani tun da daɗewa, musamman a gidajen sana'a da na fasaha. Sun shaƙu ne ta wurin aikin farfaɗo da wani tsohon wasan 'yan tsana da ya shafi garin Kashiwazaki, wanda kwafinsa ya ɓace a Japan sai a ɗakin karatu na Birtaniya aka same shi. Keene ne ya ba da shawarar a sake yin wasan don ƙarfafa wa mutanen garin gwiwa bayan girgizar ƙasa ta 2007. A garin aka buɗe cibiya mai sunansa a 2013, inda aka sake gina ɗakin karatunsa na New York da littattafansa da kujerunsa. A Columbia ma akwai cibiyar al'adun Japan mai sunansa tun 1986.

In ina so in fara karanta shi, daga ina zan fara?

Ya danganta da abin da kake nema. In labarin mutumin kake so, nemi Chronicles of My Life na 2008, gajere ne, kuma a ciki ya ba da labarin kantin Times Square da akwatin dayari da bakinsa. In adabin kake so ka ɗanɗana, tarin 1955 ya fi, don za ka iya buɗe ko'ina ka karanta shafi biyar ka ajiye. Mai son tarihin mulki da yadda ƙasa ke sauya kamanni cikin shekara arba'in da biyar ya nufi littafin Sarki Meiji, amma ya shirya haƙuri, don rana bayan rana ake bin Sarkin. Juzu'an tarihin adabi guda huɗu ba a karanta su a jere. Ka bari sai wani marubuci ya kama ka, Basho ne ko Chikamatsu ko Dazai, sannan ka buɗe babinsa ka ga abin da Keene ya ce a kansa da kuma waɗanda suka yi zamani da shi.